Hannun Ntim

Litinin, 4 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Yau aka sake tada inji na uku. Kwanansa goma sha ɗaya a kashe. Ni na tada shi, tunda ni ne babban makaniken gidan katakon, kuma cikin ma'aikata ba wanda ya yarda ya taɓa makunnin. Na ɗauka ƙararsa za ta canja. Ba ta canja ba.

An wanke daɓen sau uku, an zuba sabon garin katako. Wanda aka sa a gurbin Ntim baƙo ne daga Sunyani, bai san kowa ba, bai kuma tambayi komai ba.

Murfin zarto yana wurinsa, noti huɗu, na ɗaure su tamau.

Ban je duba Ntim a asibiti ba yau.

Talata, 5 ga Mayu, ƙarfe shida na safe

Na tashi da tunanin shekarar da muka fara aiki, ni da Ntim. Shekara talatin da takwas ke nan. Rana ɗaya marigayi Papa Adusei, mijin yayata Dufie, ya ɗauke mu. Ni ya tura ni ɗakin inji, Ntim ya sa shi gaban zarto. A lokacin gungume ɗaya na itacen odum yakan cika mota, sai ka ga mutanen Ahinsan sun fito bakin hanya suna kallo kamar an kawo giwa. Ƙamshin ɗanyen katako har tashar mota ake jin sa. Matarka ma da hanci take sanin irin itacen da kuka yanka ranar.

Da safe mukan tsaya wajen mai koko a bakin ƙofa. Ntim ya sha kofi biyu, ya ce a rubuta a kan Baƙin Mai. Ni ke nan. Tun ranar da mai ya fashe mini a fuska ya raɗa mini sunan, har yau ko a coci da shi yake kirana. Ni kuma ina ce masa Sarkin Zarto.

Yakan ɗora tafin hannunsa a kan katako ya rufe ido, ya ce wannan da sauran kwana shida kafin ya bushe. A gwada da na'ura, a tarar haka ne. Da hannun dama yake yi.

Alhamis, 7 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Na je.

Yana zaune an jingina shi da matashi, matarsa Pokuaa tana ba shi fate-faten agade da cokali. Daga wuyan hannu zarton ya datse. An naɗe wurin da farin ƙyalle har gwiwar hannu. Na yi ƙoƙari na riƙa kallon fuskarsa kawai.

Ya miƙo mini hagu, ya ce, "Baƙin Mai, yi haƙuri da hagu. Ɗayan ya tafi hutun da Papa Adusei ya hana mu."

Na yi dariya don ya ga na yi.

Ya ce, "Kun tada shi?"

Na ce mun tada.

"Wa ke kai?"

"Wani ɗan Sunyani."

"Ka gaya masa injin nan yana jan itace hagu idan an kai tsakiya. Kada ya tura da ƙarfi, ya bi shi a hankali kamar tsohuwar mata."

Pokuaa ta ce, "Ka ji shi ko, Yaya Gyamfi? Abin da ya ci hannunsa yake tambaya kamar surukarsa." Ta goge masa baki. Ta gode mini da lemon da na kawo, ta ce a duk Kumasi ba su da kamata.

Na fito na zauna a kan dakalin masu jiran magani har aka fara yayyafi.

Asabar, 9 ga Mayu, ƙarfe bakwai na safe

Takardar da na sa wa hannu kan haɗarin Ntim shafi ɗaya ce. Ban ma karanta ta har ƙarshe ba.

Asabar, ƙarfe biyu na rana

Na karanta ta har ƙarshe.

Lahadi, 10 ga Mayu, ƙarfe uku na yamma

Bayan coci na ci fufu da miyar kwakwa a gidan Yaya Dufie, kamar kowace Lahadi tun da matata ta rasu. Sarpong yana nan. Ɗanta ne, shi ke riƙe da gidan katakon yanzu. Yana ɗan shekara goma sha biyu ubansa ya mutu, ni na riƙe shi, ni na kai shi makaranta, ni na je nema masa aure. A wurinmu ɗan 'yar'uwarka ya fi ɗan cikinka kusa da kai. Har yau idan ya yi dariya ina ganin yaron da na ɗauka a wuya muka je kallon ƙwallo.

Ya bari sai da uwarsa ta shiga ciki, sannan ya ce, "Kawu, na ji 'yar Ntim ta samo lauya. Wataƙila lauyar ta neme ka."

Na ce to.

"Abin da ke cikin takardar shi ne abin da ya faru. Kai ka sa hannu, ni na sa hannu."

Na ce na sani.

"Ba zan bar Baba Ntim ya wulaƙanta ba, zan riƙa aika masa da abin cefane. Amma idan ofishin ƙwadago suka rufe mu, mutum arba'in ne za su koma gida. Ka san yadda katako ya yi wuya yanzu."

Na san yadda ya yi wuya. Gumaguman da ake kawo mana yanzu, a da da su muke hura wuta.

Yaya ta dawo ta ƙara mini nama, ta ce na rame.

Laraba, 13 ga Mayu, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

Lauyar ta same ni a wajen mai shinkafa da wake. Sunanta Amankwaa, ba za ta wuce sa'ar 'yata ba. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce, "Baba, ci abincinka, ni zan yi magana."

Ta ce doka a fili take. Ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, mai gidan aikin zai biya shi diyya ko da ba laifin kowa. Sai fa idan an tabbatar yana cikin maye. Ta ce takardar da muka kai ofishin ƙwadago ta nuna Ntim ya zo da safe yana warin giya, ya kwance murfin zarto da kansa ya ajiye gefe. Idan takardar ta tsaya a haka, ba abin da zai samu.

Ta ce, "Ka san shi da sha?"

Na ce a da.

"Yaushe ya bari?"

Na ce shekara goma sha tara, ranar da aka haifi autarsu. Ban san lokacin da bakina ya faɗa ba.

Sai ta fito da hoton da mai duba injuna ya ɗauka washegarin abin. Murfin yana kwance a ƙasa kusa da injin, an goge shi fes. Ta sa farce a kusurwar ciki, ta ce, "Baba, mene ne wannan?"

Gidan zanzaro ne. Ɗan ƙarami, na laka, har da ƙofofi uku.

Ta ce, "Ni ba makanike ba ce. Amma ina tambaya, zanzaro zai yi gini a jikin ƙarfen da ke girgiza tun safe har yamma?"

Na ce ban san halin zanzaro ba.

Ta ce ta tambayi Ntim wanda ya cire murfin, ya ce tsufa ya sa ba ya tunawa. Sau uku tana tambayarsa. Ta ajiye mini katinta a gefen kwano ta tafi. Ban ƙarasa abincin ba.

Alhamis, 14 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Murafen nan ni da Ntim muka ƙera su. Papa Adusei ya dawo daga jana'izar wani mai yankan katako a Mim, ya tara mu, ya ce daga yau ba zarton da zai juya tsirara a gidansa. Muka sayo ƙofar tsohuwar motar katako a Suame, muka yanka, muka lanƙwasa. Kwana huɗu muna yi. Ntim ya shafa musu jan fenti, ya zana ɗan zakara a jikin na uku, wai don injin ya riƙa tashi da wuri.

Papa Adusei yakan tsaya a ƙofa da safe yana duba hannun rigar kowa. In ya ga mai lilo sai ya ce koma gida ka sa ta mutane. Muna zaginsa a ɓoye. Shekara goma sha huɗu a hannunsa, ba wanda ya rasa ko ɗan yatsa.

Zakaran ya goge yanzu, sai ƙafa ɗaya.

Litinin, 18 ga Mayu, ƙarfe biyar da rabi na yamma

An sallami Ntim daga asibiti ranar Asabar. Na sayi doya da ƙwai na hau bas zuwa Atonsu.

Pokuaa ta tare ni a bakin ƙofa. Ba ta ce in shigo ba.

Ta ce, "Lauya ta karanta mana takardar jiya."

Na ajiye doya da ƙwan a bakin ƙofar.

"Ntim ya ce ƙarya ne, kai ba za ka sa hannu a kan wannan ba. Ya ce a nuna masa. Aka nuna masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, 'Nasa ne, ga wutsiyar da yake ja a ƙarshe.' Tun daga nan bai ƙara magana ba."

Na ce ina son ganinsa.

"Yana barci, Yaya Gyamfi."

Ina jin rediyonsa daga ciki, ina jin tarinsa.

Ta ce, "Da cewa kuka yi ganganci ya yi, da na haƙura. Amma giya? Kai ka riƙe shi a bayan gidan nan yana amai yana kuka lokacin da yake bari. Kai ka zubar da kwalaben."

Ta miƙo mini doyar. Ƙwan ma ta miƙo. Na dawo da su a cinya.

Talata, 19 ga Mayu, ƙarfe shida na safe

Noti huɗu ne. Sifana mai lamba goma sha bakwai.

Juma'a, 22 ga Mayu, ƙarfe goma sha biyu na rana

Injuna a kashe, an ɗauke wuta. Ina zaune a ɗakin inji, bari in rubuta.

Watan Yulin bara aka ba mu aikin ƙofofi masu faɗi. Murfin yana tokare katakon, sai an riƙa juyawa, aiki yana tafiya rabi. Sarpong ya zo ya ce, "Kawu, sati biyu kawai, mu gama wannan a mayar." Na ce ubanka ba zai yarda ba. Ya ce ubana bai ga irin wannan zamani ba. Ntim yana tsaye, ya ce, "Cire, Baƙin Mai. Ni da zarton nan mun san juna tun kafin a haifi yaron nan." Muka yi dariya mu uku.

Na kwance murfin na kai shi sito na jingina a bayan tsofaffin belt na inji. Aikin ƙofofi ya ƙare, wani ya shigo. Wata tara. Kullum ina wucewa ta gabansa idan zan ɗauki girisi.

Ranar da abin ya faru, bayan mota ta tafi da Ntim asibiti, rigata duk jini, Sarpong ya kama kafaɗata kamar ranar da aka binne ubansa. Ya ce, "Kawu, ka cece ni." Na shiga sito na ɗauko murfin.

Maganar giya ba ni na kawo ta ba. Amma ina wurin aka rubuta.

An kawo wuta.

Lahadi, 24 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana

Kujerar Ntim a coci ba kowa. Shekara goma sha tara yana zama a layi na uku ta gefen taga, shi ke karɓar baiko da kwando.

Da aka zo addu'ar marasa lafiya, fasto ya ambaci sunansa, sannan ya ƙara da cewa mu yi wa 'yan'uwanmu da suka koma tsohuwar hanya addu'a, kada mu yanke musu hukunci. Mata biyu a gabana suka kalli juna. Bayan an tashi wani dattijo ya ja ni gefe ya ce, "Ashe dama a ɓoye yake sha? Kai da kake tare da shi ba ka lura ba?"

Ban je cin fufu ba. Na aika cewa cikina ne.

Talata, 26 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Na shiga ofishin Sarpong na rufe ƙofa. Hoton ubansa yana bango, da hular nan tasa.

Na ce ranar Talata mai zuwa za a zauna a ofishin ƙwadago, zan je, zan faɗi yadda aka yi. Na ce na zo ne don kada ya ji a bakin wani.

Ya ce, "Har da kai za su kama, Kawu. Kai ka kwance, kai ka goge, kai ka sa hannu."

Na ce na sani.

"To me za ka samu? Hannun zai dawo ne?"

Na ce ba zai dawo ba.

"Mutum arba'in fa."

Na ce su ma na yi tunaninsu, tun ranar nake tunaninsu. Na ce ka zo mu je tare, ka faɗa da bakinka, hukuncin zai fi sauƙi, lauyar ma ta ce haka.

Ya tashi ya tsaya a taga ya ba ni baya. Ya ce, "Duk abin da na taɓa yi a rayuwata sai na tambaye ka. Da ka ce a'a ranar nan ka tsaya a kai, da ban cire ba."

Wannan gaskiya ce.

Alhamis, 28 ga Mayu, ƙarfe bakwai na safe

Yaya Dufie ta zo gidana da sanda, ita da ba ta hawa tudun nan saboda gwiwa. Ba ta zauna ba.

Ta ce, "Gyamfi, ni na goya ka. Nono ɗaya muka sha. Saboda bare za ka kai ɗanka gaban hukuma?"

Na ce Yaya, Ntim ne ya ɗauki akwatin gawar mijinki ta gaba.

Ta ce, "Na sani. Kada ka gaya mini abin da na sani."

Ta tsaya tana kallon hoton bikin aurena da ke kan tebur. Ta ce lokacin muna yara a Bekwai, in na yi laifi ita take cewa ita ce, a dake ta. Ta ce ba ta taɓa neman in biya ta ba sai yau.

Na raka ta har bakin titi, na tsayar mata da tasi. Da zan kama hannunta ta shiga, ta janye.

Talata, 2 ga Yuni, ƙarfe uku na yamma

Ɗakin ƙarami ne, fanka ɗaya. Jami'in ƙwadago, mai duba injuna, Lauya Amankwaa, Sarpong da nasa lauyan. Ntim yana can ƙarshen benci da Pokuaa, ya yafa zane ya rufe kafaɗar dama. Bai dube ni ba.

Aka tambayi sunana da aikina. Aka nuna mini takardar, aka ce sa hannuna ne? Na ce nawa ne, amma abin da ke sama da shi ƙarya ne. Na faɗi watan, na faɗi sifanar, na faɗi siton. Na ce rabon Ntim da giya shekara goma sha tara, kuma a safiyar nan koko muka sha tare, ni na biya.

Lauyan Sarpong ya ce, mutumin da ya yi ƙarya a rubuce, don me za a yarda da shi a baki? Na ce kada a yarda da ni, a je sito a duba bango, shatar murfin tana nan a jikin ƙura.

Jami'in ya juya wajen Ntim ya ce, "Baba, ka ce ba ka tuna wanda ya cire ba."

Ntim ya ce, "Yanzu na tuna. Ni ma na ce a cire. A rubuta wannan."

Sarpong ya sunkuyar da kai. Da aka tambaye shi, ya ce ba ya musun abin da kawunsa ya faɗa. Lauyansa ya rufe fayil.

Muka fito kowa ya bi hanyarsa.

Alhamis, 4 ga Yuni, ƙarfe goma na safe

An sa wa inji na uku da na biyu kwaɗo har sai an sake dubawa. An sallami mutum goma sha shida zuwa wani lokaci. Na mayar da makullan ɗakin inji, mai gadi ya karɓa, Sarpong bai fito ba. Biyu daga cikin waɗanda aka sallama sun gan ni a tasha suka kau da kai. Ɗaya matarsa tana da tsohon ciki.

Lauya Amankwaa ta ce diyyar Ntim ta tabbata, sai likita ya rubuta nasa rahoton. Ni kuma za a kira ni kan takardar, in shirya.

Rabona da zama a gida da hantsi tun ina saurayi. Ashe unguwar nan shiru take.

Lahadi, 7 ga Yuni, ƙarfe ɗaya na rana

Ba a aiko daga gidan Yaya ba. Na dafa agade.

Asabar, 13 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Da safe Pokuaa ta kira ni a waya. Ta ce, "Ya ce ka zo, ka taho da sabuwar reza." Ta kashe.

Na same shi a gindin mangwaron tsakar gida. Ya rame, gemu ya fito fari. Na gaishe shi, ya amsa da ka. Na fara cewa, Ntim, ni dai, sai ya ɗaga mini hannu. Na ɗauka dakatar da ni yake yi. Ashe nuna mini yake. Faratan sun yi zaƙo-zaƙo, ɗaya ya tsage har cikin nama.

Ya ce, "Mai hannu ɗaya ba ya iya yanke wa kansa farce. Ban taɓa sani ba. Pokuaa tsoro take ji, sai ta yanke ni."

Na jawo kujera na zauna gabansa. Ya ɗora hannun a gwiwata. Na fara da babban yatsa.

Na ce, "Ban san yadda zan..."

Ya ce, "Yi shiru, Gyamfi. Ban yafe ba tukuna. In na yafe zan gaya maka."

Bai taɓa kirana da sunana ba sai yau.

Na gama biyar ɗin, na kankare gefen da ya tsage. Ya ɗaga hannun ya juya shi a rana yana dubawa kamar katakon da aka kawo masa daga wani inji. Ya ce na tsakiya bai yi daidai ba. Na gyara.

Da na tashi tafiya ya ce, "Sati biyu suke yi su fito."

Na ce zan zo.